ZARE: Mutumin da ya sauka mita 270 cikin ruwa don ɗauko gawar wanda bai taɓa sani ba

1/
Jama'a, yau za mu leƙa Afirka ta Kudu. Labarin wani matuƙin jirgin sama ne da ya yi wa iyayen wani yaro alkawarin dawo musu da gawar ɗansu daga ƙasan kogon ruwa. Ya cika alkawarin, amma ba ta hanyar da ya tsara ba. Zaren yana da ɗan tsawo, ku gyara zama.

2/
Sunan wurin Boesmansgat, wasu su ce Bushman's Hole, a lardin Northern Cape, kusa da garin Danielskuil. In ka tsaya a bakinsa, ɗan kududdufi za ka gani a gindin wani rami na duwatsu, kainuwa ta rufe shi. Ba za ka taɓa kawo komai ba. Amma a ƙarƙashinsa akwai ƴar siririyar ƙofa, da ka wuce ta sai wuri ya buɗe, makeken kogo cike da ruwa, zurfinsa ya haura mita 280. Duhu ne ƙirin.

3/
Ranar 17 ga Disamba 1994, wani matashi ɗan shekara 20, Deon Dreyer, yana cikin masu taimaka wa tawagar shahararren mai nutso Nuno Gomes. Suna kan hanyar dawowa sama, a wajen zurfin mita 50, aka waiga aka hango fitilarsa tana yin ƙasa. An fi zaton suma ya yi. Babu wanda zai iya bin sa ya dawo da rai.

4/
Mahaifinsa, Theo Dreyer, bai haƙura ba. Ya ɗauko hayar wani ɗan inji mai nutso da ake sarrafawa daga waje, na kamfanin haƙar lu'ulu'u De Beers. Injin ya gano hular kwanon Deon, amma babu gawa. Iyayen suka kafa allon tunawa a bakin kogon suka koma gida. Shekara goma ke nan babu kabari.

5/
Yanzu ga Dave Shaw. Ɗan Ostareliya ne, kyaftin a kamfanin jiragen sama na Cathay Pacific a Hong Kong. Kafin nan ya tuƙa ƙananan jirage na ƴan mishan a Papua New Guinea da Tanzaniya. Bai fara nutso ba sai 1999, ya haura shekara 40. Cikin shekara biyar ya kai inda ƴan tsiraru a duniya suka taɓa kaiwa.

6/
Ranar 28 ga Oktoba 2004 ya sauka mita 270 a wannan kogo, ya kafa tarihi. Yana haska fitila a ƙasa sai ga mutum kwance rigingine cikin laka, da kayan nutsonsa, tabarau na nan a fuska. Deon ne. Ya gwada ɗaga shi, tukwanen iskar da ke bayan gawar sun kafe a laka, numfashinsa ya fara sama-sama. Sai ya ɗaure igiyarsa a jikin tukwanen don ya gane wurin, ya juya. Fitowarsa gaba ɗaya ta ci sama da awa 9.

7/
Bari in tsaya nan, don in ba a gane wannan ba sauran labarin ba zai shiga ba.

A mita 270, nauyin da ke danne jikinka ya ninka na doron ƙasa kusan sau 28. Iskar da muke shaƙa kullum guba ce a can: oksijin ɗinta zai sa ka farfaɗiya, naitirojin ɗinta zai bugar da kai kamar mashayi. Shi ya sa suke haɗa iska ta musamman wadda mafi yawanta hiliyom ne.

8/
Sauka ba ta da wuya, mintoci ne. Hawa ne aiki. Iskar da ta narke cikin jini dole ta fita a hankali. In ka yi gaggawa, jininka zai yi kumfa kamar ka girgiza kwalbar lemo ka buɗe. Don haka ƴan mintoci a ƙasa, kana biyan su da awanni kana rataye a igiya, tasha bayan tasha.

9/
Sannan Shaw ba tukunyar iska ta gama-gari yake amfani da ita ba. Na'ura ce mai sake juya numfashi: abin da ka fitar ta tace shi, ta cire gurɓatacciyar iskar da jiki ke fitarwa, ta ƙara oksijin, ta dawo maka da shi. Tana da kyau ƙwarai matuƙar ba ka wahalar da jikinka ba. Ku riƙe wannan.

10/
Bayan ya fito, Shaw ya nemi iyayen Deon ya ce musu ya ga ɗansu, kuma zai koma ya ɗauko shi.

Mu da ba ma barin gawa ta kwana in da hali, mun san nauyin wannan magana a kunnen uwa. Shekara goma tana kallon ruwa.

11/
Aka sa ranar 8 ga Janairu 2005. Shiri ba na wasa ba: masu nutso na ƴan sanda, likita, ɗakin matsa iska na jinyar masu nutso a bakin rami, tukwanen iska na ko-ta-kwana jere a jikin babbar igiya. Matarsa Ann ta taya shi ɗinka jakar da za a sa gawar. Tsarin shi ne Shaw ya yi kamar minti 5 a ƙasa, ya yanke ɗamarar tukwanen, ya sa gawar a jaka, ya miƙa wa amininsa Don Shirley a mita 220. Daga nan hannu zuwa hannu har sama. Shi kuma ya biyo baya a kusan awa 12.

12/
Kafin a shiga, ya faɗa wa tawagar cewa kowa ya fara kula da kansa, gara a rasa mutum ɗaya da a rasa biyu.

13/
Abu biyu ne suka sauya, kuma duka biyun ƙanana ne a ido.

Na farko, an ɗaura masa kyamara a hular kwano don fim ɗin da ake shiryawa. Shi kuwa ya saba in zai yi aiki da hannu biyu, sai ya saƙala wayar fitilarsa a wuya. Da sabuwar hular hakan bai yiwu ba. Don haka fitilar ta zama tana lilo a gefensa.

14/
Na biyu, kowa ya ɗauka ƙasusuwa ne suka rage cikin rigar nutso, masu nauyi, da za su zauna inda aka ajiye su. A kan haka aka yi atisaye. Ashe cikin sanyin ruwan, kitsen jikin ya rikiɗe ya zama wani abu mai kama da sabulu, wanda ba ya nutsewa sosai. Da Shaw ya fara aiki, sai gawar ta taso tana yawo a gabansa.

15/
Ya isa ƙasa cikin ƙasa da minti 12. Duk abin da ya biyo baya kyamarar ta ɗauka. Gawa na juyawa, laka ta tashi, igiyar da ya ɗaura tun Oktoba ta saki ta nannaɗe ko'ina, fitilar mai lilo ta sarƙe a ciki. Yana ta fama da almakashi. A faifan ana jin numfashinsa yana ƙara sauri, yana gurnani.

16/
Likitocin da suka nazarci faifan daga baya sun bayyana abin da ya faru. A wannan zurfi iska tana yin kauri, jan ta cikin huhu kansa aiki ne. Kana wahala, jiki na ƙara fitar da gurɓatacciyar iska, huhu ya kasa kore ta. Ka ƙara haki, hakin ya ƙara samar da ita. Kuma tana dusashe tunani, ba za ka ma gane lokacin tsayawa ya yi ba. Irin iskar nan ce kan taru a gindin tsohuwar rijiya, wanda ya shiga ceto shi ma ya zube.

17/
Ya bar gawar ya juya zai tafi, igiya ta riƙe shi. Minti ashirin da ƴan kai da shigarsa ruwa, motsi ya tsaya. Shekararsa 50. Nutsonsa na 333 ke nan.

18/
Don Shirley ya iso mita 220, babu Shaw. Ya duba ƙasa, ga fitila can tana ci, ba ta motsi. Duk da abin da aka yi magana a kai, ya ci gaba da sauka. Ni dai ban ga laifinsa ba. A wajen mita 250 na'urar da ke sarrafa iskarsa ta fashe saboda matsi. Dole ya juya. A allon da suke rubutu a ƙarƙashin ruwa ya rubuta cewa Dave ba zai dawo ba, aka kai saƙon sama, inda iyayen Deon ke zaune suna jira.

19/
Shi ma Shirley da ƙyar ya sha. A wajen mita 50 kumfar iska ta taɓa masa cikin kunne, inda ke daidaita tsayuwar mutum. Duniya ta riƙa juya masa, yana amai cikin ruwa, ya ƙanƙame igiya. Kuma ba halin ya fito, fitowa da wuri mutuwa ce. Sama da awa 12 ya yi cikin ruwa gaba ɗaya, abokai na karɓa-karɓa suna riƙe da shi.

20/
Kwana huɗu bayan haka, 12 ga Janairu, tawagar ta dawo kwashe kayanta. Babu wanda ya yi niyyar sake sauka neman kowa. Suna jan babbar igiya, ashe igiyar da ta sarƙe Shaw tana haɗe da ita. Da ya ɗan taso, iskar da ke jikinsa da kayansa ta kumbura, ta yi sama da shi. Aka same shi a rufin kogon, kusan mita 20 daga sama. A ƙarƙashinsa, rataye da igiyar nan da ta kashe shi, ga gawar Deon Dreyer.

21/
Har yau masu nutso suna gardama a kan wannan aiki. Ni a ganina jarumtarsa ba abin musu ba ce, amma shirin yana da rami: an tanadi komai saboda lalacewar na'ura, ba a tanadi abin da za a yi ba in gawar ta ƙi zama yadda aka zata. Kuma sanya sabon kaya a kai ranar aiki mafi haɗari a rayuwarka, matuƙin jirgi ya fi kowa sanin illarsa.

22/
Theo da Marie Dreyer sun karɓi ɗansu bayan shekara goma. Ann Shaw kuwa, a Hong Kong, ta riga ta sa wa ranta cewa kogon ne kabarin mijinta, sai ga waya cewa ya fito. Shirley ya sha jinya, sai da ya sake koyon tafiya ba tare da tangaɗi ba, daga baya kuma ya koma nutso. Fim ɗin da aka fitar a 2020 kan lamarin, da kalmomin da ya rubuta a allon nan aka sa masa suna.