Hausawa da Fulani a Maraɗi: asalin tsamin dangantaka da abin da doka ta tanada

Duk kaka, da zarar an fara yankan hatsi a karkarar Maraɗi, Tsibiri da Jiratawa, sai maganar manoma da makiyaya ta sake tasowa. Sau da yawa ana ba ta sunan faɗan ƙabila, wato Hausawa da Fulani. Amma idan aka bi diddigi, za a tarar tushen rigimar shi ne ƙasa: wa ke da ita, wa ke da takardarta, wa kuma ke da izinin ratsa ta da dabbobi.

Tarihin zama tare

Bayan da mayaƙan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka ci Katsina wajen 1807, sarakunan Haɓe suka yi hijira arewa, daga baya suka kafa sarautar Katsina a Maraɗi. Gobirawa su ma suka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Garuruwan biyu sun daɗe suna yaƙi da daular Sakkwato. Duk da haka, Fulani makiyaya ba su daina zama a yankin ba. Manomi yakan gayyaci garke ya kwana a gonarsa da rani don samun taki, ya biya da hatsi, matan Fulani kuma su kawo nono da mai kasuwa.

Yadda ƙasa ta yi kaɗan

Ƙidayar 2012 ta nuna jihar Maraɗi na da mutane sama da miliyan 3, birnin kansa kuma fiye da 260,000. Tun bayan ambaliyar 1945, da ta sa garin ya tashi daga bakin Gulbi ya hau tudu, Maraɗi ke ta faɗaɗa. Yankan filaye na cin gonakin da ke kewaye, manoman da suka sayar ko suka rasa nasu sukan nausa daji, inda a da dabbobi ke kiwo. Gonar gado kuma tana ƙara tsukewa duk lokacin da aka raba ta tsakanin magada. A Jiratawa, noman rani na fadamar da hukumar ONAHA ke kula da ita ya sa ƙasar bakin ruwa ta ƙara daraja.

Kuɗin birni ma sun canza lissafi. Ƴan kasuwa da ma'aikata na sayen gonaki da shanu, su ɗauki makiyayi haya. Manomi da kansa yana kiwo yanzu, saboda haka karan gona da harawa, waɗanda a da ake bar wa garke kyauta, sun zama kayan sayarwa. Sakamakon haka, wanda ake kamawa cikin gona sau da yawa yaron kiwo ne, mai shanun kuwa yana cikin gari.

Abin da ya faru a Toda

Ranar 30 ga Oktoba 1991, a ƙauyen Toda da ke yankin Gidan Runji, manoma suka auka wa Fulani, aka kashe mutane fiye da 100, akasarinsu mata da yara. Abin ya faru ne ana cikin babban taron ƙasa a Yamai, kuma har yau shi ne misalin da ake kawowa idan ana gargaɗi kan rikicin manoma da makiyaya a Nijar.

Abin da doka ta ce

Dokar karkara mai lamba 93-015 ta ranar 2 ga Maris 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye da ake kira Cofo. Su ke shata burtali da makiyaya, su ba da takardar shaidar gona. Dokar kiwo mai lamba 2010-029 ta ranar 20 ga Mayu 2010 ta amince cewa yawon kiwo haƙƙin makiyayi ne, ta kuma hana mallake filayen kiwo. Hukuma ce ke tsayar da ranar sakin gonaki kowace shekara. Idan an yi ɓarna, ana fara neman sulhu gaban sarakunan gargajiya kafin a je kotu. Bugu da ƙari, aya ta 102 ta kundin hukunta laifuka ta tanadi ɗauri ga mai nuna bambancin ƙabila.

Sai dai akwai rata tsakanin ɓangarorin biyu. Manomi na iya riƙe takarda da sunansa, makiyayi kuwa haƙƙin amfani kawai yake da shi a kan filin da na kowa ne. Inda ba a kafa alamun burtali ba, noma kan cinye shi kaɗan-kaɗan. Ƙungiyoyin makiyaya irin su AREN, da aka kafa a 1990, sun daɗe suna kokawa a kan haka.

Sabuwar barazana

Tun 2019, hare-haren ƴan bindiga a Zamfara, Sakkwato da Katsina suka koro dubban ƴan gudun hijira zuwa yankin Gidan Runji, satar shanu da garkuwa da mutane kuma suka tsallako iyaka zuwa yankin Madarunfa. Wannan ya sa wasu ke yi wa Fulani kuɗin goro, alhali makiyaya na cikin waɗanda ake sace wa dabbobi. Irin wannan zargi kan biyo mutum har kasuwa, tasha da shingen bincike.

Abubuwan da ke riƙe da zumunci

Addini ɗaya, auratayya, harshen Hausa da cinikayya sun haɗa jama'ar yankin. Akwai kuma wasan taubasai, kamar na Gobirawa da Zabarmawa ko Fulani da Barebari, wanda UNESCO ta sa cikin al'adun gado na duniya a 2014 da sunan Nijar. Waɗannan suna kwantar da zuciya, amma ba sa maye gurbin burtalin da aka shata, da ranar sakin gonaki da aka sanar da wuri, da diyyar ɓarna da aka ƙiyasta bisa adalci.