Tsakanin Baba da Mama

A ajin ilimin furuci an koya mana cewa bambancin "b" da "m" ɗan nama ne kawai: hanɗa. In ta ɗaga ta toshe hanyar hanci, sai "baba" ya fito. In ta sauka, "mama" ne. Yaron da aka haifa da tsagaggen rufin baki ba shi da wannan ƙofa, iska tana zurarewa ta hanci, har "dawa" ta koma kamar "nawa". A ganina, tarihin ɗinkin wannan tsaga tarihin neman "b" ne.

A 1819, a Paris, likita Philibert Roux ya ji maganar wani ɗalibin likitanci ɗan Kanada, John Stephenson, ya duba bakinshi, ya ɗinke mashi hanɗa. Babu maganin sa barci a lokacin, ku dai ku ƙiyasta! Shekara ta zagayo, Stephenson ya rubuta kundin kammala karatunshi a kan aikin da aka yi mashi.

Ganɗa, mai ƙashi, ita ta fi ba da wuya. Sai 1861 Langenbeck na Jamus ya gano a ɗago naman tare da fatar da ke manne da ƙashi, a jawo gefe biyu su haɗu a tsakiya. Ramin ya rufe, amma sau da yawa hanɗar ba ta isa bayan maƙogwaro, maganar tana nan ta hanci. Shi ya sa Veau a Faransa, sannan Wardill da Kilner a Ingila a 1937, suka riƙa tura naman baya don ta yi tsawo. Sai dai suna barin ƙashi a buɗe a gaba, tabon da ke biyo baya ya hana muƙamuƙin sama girma. Schweckendiek ya bi ta wani gefe: a ɗinke hanɗa da wuri, a bar ganɗa sai yaro ya haura shekara 10. Fuska ta yi kyau, magana ta sha wuya. Ni dai wannan ciniki bai kwanta mini ba, yaro ya gama firamare ana kwaikwayon muryarshi.

Furlow na Amurka, a 1986, ya wallafa yanka mai siffar Z guda biyu masu saɓa wa juna, wanda ke ƙara tsawo kuma ya maido tsoka a gicciye yadda za ta iya ɗagawa. Yau galibi ana aikin wajen shekara ɗaya da haihuwa, kafin bakin yaro ya saba da furucin da zai yi wuyar gyarawa.