Jan wadan tauraro

jan wadan tauraro (suna, namiji, jam'i: jajayen wadannin taurari). Ƙaramin tauraro wanda bai kai rana girma ko zafi ba, haskensa ja-ja-ja kamar garwashin da ya fara lafawa. A hankali yake cin makamashinsa, shi ya sa yake daɗewa ƙwarai. Irinsa sun fi kowane tauraro yawa, amma ido ba ya ganin ko ɗaya sai da madubin hangen nesa.

Misali: TRAPPIST-1, wanda da kaɗan ya ɗara duniyar Mushtari faɗi. A 2017 aka sanar cewa duniyoyi bakwai ke kewaya shi, sun matso kusa kamar masu jin ɗumi da hunturu. Ta ciki, abin mamaki, kwana ɗaya da rabi ne shekararta.