Tarihin Ƙa'idar Rubutun Gado da Dangantakarta da Surar Furotin

Ƙa'idar rubutun gado ita ce dokar da ƙwayar halitta ke bi wajen mayar da bayanin da ke cikin DNA ya zama furotin. Harufan huɗu ne, A, C, G da T, sai dai U kan maye gurbin T a cikin RNA. Uku-uku ake karanta su, kowane rukuni sunansa kodon. Kodon 64 ne: 61 na kiran amino asid 20 da ake gina furotin da su, uku kuwa alamar tsayawa ce.

Mutane da yawa kan ɗauka a 1953 aka gano wannan ƙa'ida. Ba haka ba ne. Abin da Watson da Crick suka bayyana a shekarar, bisa hotunan Rosalind Franklin da Maurice Wilkins, surar DNA ce kawai. Karanta rubutun ya fara a 1961, ya kusa kammala a 1966.

Shekarun hasashe, 1954 zuwa 1960

Masanin fiziks George Gamow ne ya fara kawo tsari a 1954. Ya lissafa cewa harufa biyu za su ba da kodon 16 kaɗai, ƙasa da amino asid 20, don haka sai uku. A ganinsa amino asid kan zauna kai tsaye a ramukan jikin DNA, kuma kodon na haɗa harufa da maƙwabcinsa. A 1957 Sydney Brenner ya rusa wannan da jerin furotin da aka riga aka sani, irin na insulin wanda Frederick Sanger ya kammala a 1955. A 1957 ɗin kuma Crick da abokansa biyu suka kawo wani tsari da lissafinsa ya faɗa daidai kan 20. Ya burge masana ƙwarai, amma bai dace da gaskiya ba. Abin da ya tsira daga wannan zamani shi ne hasashen Crick na 1955, cewa akwai ɗan tsakani mai ɗauko amino asid ya kai shi gurbinsa. Shi ne daga baya aka sani da tRNA.

Karanta rubutun, 1961 zuwa 1966

Ranar da ta cancanci a riƙe ita ce 27 ga Mayu 1961. A Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa da ke Bethesda a Amurka, Marshall Nirenberg da Heinrich Matthaei, Bajamushe, suka zuba RNA na haɗi mai harafin U zalla cikin ruwan bakteriyar E. coli da aka niƙe. Sai sarƙar fenilalanin zalla ta fito. Kalma ta farko ke nan da aka karanta. A watan Agusta Nirenberg ya gabatar da sakamakon a babban taro a Mosko, gaban 'yan tsirarun mutane, har sai da Crick ya sa aka ba shi dama ya maimaita a babban zaure.

A Disamba 1961 Crick, Brenner, Leslie Barnett da Richard Watts-Tobin suka tabbatar da karatun uku-uku ta hanyar bairos T4: ƙara harafi ɗaya ko biyu na lalata saƙon, ƙara uku kuwa na maido shi kan hanya. Daga nan tsere ya kaure tsakanin Nirenberg da Severo Ochoa na Niyok. A 1964 Nirenberg da Philip Leder suka samo dabarar gwada kodon ɗaya-ɗaya, Har Gobind Khorana kuma a Wisconsin ya riƙa haɗa RNA mai jeri sananne. Robert Holley ya karanta tRNA na alanin a 1965. Kodon tsayawa na ƙarshe, UGA, sai a 1967 aka tabbatar da shi. Nirenberg, Khorana da Holley suka karɓi kyautar Nobel a 1968. Matthaei, wanda da hannunsa aka yi gwajin farko, bai samu shiga ba.

Alaƙa da surar furotin

Christian Anfinsen ya nuna cewa jerin amino asid ne ke tsara yadda furotin zai naɗe. Masu gudun ruwa kan ɓuya a ciki, masu son ruwa su tsaya a waje. Ƙa'idar kanta na ɗauke da wannan rabo: kodon da ke da U a tsakiya na kiran masu gudun ruwa, wato fenilalanin, lusin, aisolusin, metiyonin da balin, yayin da mafi yawan masu A a tsakiya na son ruwa ne.

Cutar sikila, wadda ta addabi gidaje da yawa a ƙasar Hausa, shaida ce. Vernon Ingram ya gano a 1957 cewa balin ne ya maye gurbin gulutamik asid a hemogulobin. Kodon GAG ne ya koma GUG a gurbi na shida. Harafin tsakiya ɗaya ya sa mai gudun ruwa a bayan furotin, sai hemogulobin ya riƙa mannewa da juna, ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje.

Asalinta

A kan yadda ƙa'idar ta samu tun farkon rayuwa, ra'ayoyi huɗu ne suka shahara. Carl Woese a shekarun 1960 ya ce akwai dangantakar sinadari tsakanin kodon da amino asid nasa. Crick a 1968 ya ce dace ne da ya daskare, don canza shi zai lalata furotin duka. Jeffrey Wong a 1975 ya ce ta girma ne tare da hanyoyin haɗa amino asid. Freeland da Hurst a 1998 suka lissafa cewa a cikin tsari miliyan ɗaya na ƙirƙira, kusan ɗaya ne ya fi ta rage illar kuskure.

A 1979 aka gano cewa a mitokondiriyar mutum UGA na kiran tiriftofan, wato ƙa'idar ba ta daskare gaba ɗaya ba. Ra'ayoyin nan huɗu ba lallai su kore juna ba, kuma har yau babu ɗaya daga cikinsu da gwaji ya tabbatar shi kaɗai.