Fitilar Land Rover da Ranar da Najeriya Ta Koma Hannun Dama

A ranar 2 ga Afrilu 1972, zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, Najeriya ta bar tuƙi a hannun hagu ta koma hannun dama, domin ta dace da maƙwabtanta irin su Nijar da Kamaru. An sauya allunan hanya, an wayar da kan direbobi. Amma akwai abin da umarnin gwamnati bai iya juyawa a dare ɗaya ba, wato gilashin fitilar mota.

Land Rover, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1948, ita ce motar jami'an En'e da malaman gona da ma'aikatan asibiti a ƙasar Sakkwato, saboda ita ke iya ratsa yashi da taɓo. Fitilunta na farko suna tsakiyar fuska ne, kusa da juna. Sai wajajen 1969 aka mayar da su gefe. Fitila ce zagayayya mai faɗin inci 7, galibi ƙirar kamfanin Lucas. Shekaru da yawa ana amfani da irin wadda aka rufe ruf: ƙwai da madubi da gilashi duk abu ɗaya, in ta mutu sai a jefar da ita gaba ɗaya. A farkon shekarun 1970 aka fito da ƙwan H4, mai wat 60 a ful da 55 a dim, wanda ake zarewa shi kaɗai.

Fitilar mota ba ta watsa haske daidai a ɓangarori biyu. An tsara dim ɗinta ya ɗaga ta gefen hanya, inda masu tafiya a ƙasa da dabbobi suke, ya sunkuya ta ɓangaren motar da ke tahowa. Fitilar Ingila tana ɗagawa ta hagu. Bayan 1972, hagun nan ya zama idon direban da ke fuskantarka.

Tsakanin 1974 da 1978 kamfanin Impresit na Italiya ya gina madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, aka shimfiɗa magudanai da hanyoyin burji a ƙasashen Talata Mafara da Bakura da Maradun. A irin waɗannan hanyoyi, da waɗanda ke shiga ƙauyuka irin su Dakko, girgiza ce babbar abokiyar gābar fitila: tana tsinka zaren ƙwai, tana kwance sukurorin saiti, ƙura kuma ta dusashe madubi. Sau da yawa kuma laifin ba na ƙwan ba ne. Wayar da ke haɗe da jikin mota ce ta yi tsatsa, wuta ta ragu, haske ya koma ja kamar na aci-bal-bal. Gogaggen mai gyaran waya can yake fara dubawa kafin ya aiki yaro kasuwa.

An daina ƙera tsohuwar Defender a Janairun 2016, amma fitila mai inci 7 ba ta yi wuyar samu ba, don tsofaffin Land Cruiser ma irinta suke ɗauka. Sai dai a cikin kayan gwanjo har yau ana cin karo da na Ingila da na Jafan, ƙasashen da suka tsaya a hannun hagu. Alamar tana jikin gilashin da aka buga wa hatimin Turai: kibiya mai kai ɗaya na nufin ta hannun hagu ce, bai kamata ta hau titinmu ba.

Sabon salo kuma shi ne cusa ƙwan LED cikin madubin da aka ƙera don H4. A ganina wannan ya fi kuskuren 1972 muni, domin hasken ba ya ɗagawa ta hagu ko ta dama, fantsama yake yi ko'ina. Mai motar yana murna ya samu haske, ɗan acaɓan da ya taso daga kasuwar Talata da magariba kuwa sai ya tsaya ya dafe ido har ta wuce.