Asalin Zaman Tatsuniya da Hirar Dare a Ƙasar Rano da Kibiya

Zaman tatsuniya taro ne na mutanen gida ɗaya ko na unguwa ɗaya, wanda ake yi da dare bayan an ci tuwo, mutum ɗaya yana ba da labari, saura suna amsa masa. A ƙasar Rano da Kibiya, kamar sauran ƙasar Hausa, wannan taro ya tsiro ne daga tsarin gida da tsarin shekarar manomi. Gidan gandu ne ya tara masu sauraro, kaka da hunturu suka ba da lokaci, aikin hannu na dare kuma ya zaunar da mutane wuri ɗaya. Duk sauyin da ya sami zaman daga baya, ta ɗaya daga cikin waɗannan ƙofofi uku ya shigo.

Rano kanta da labarin baka aka fara saninta. A labarin Bayajidda, Bawo ya haifi 'ya'ya shida da suka kafa Daura, Katsina, Kano, Zazzau, Gobir da Rano, Biram ta cike ta bakwai. Wanda aka danganta wa Rano shi ne Zamna Kogi, kuma har gobe ana yi wa Sarkin Rano kirari da Autan Bawo. A rabon ayyukan da labarin ya yi, Kano da Rano su ne sarakunan baba, wato masu rini. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ambaci yadda Sarkin Kano Yaji, wanda aka ƙiyasta mulkinsa daga 1349 zuwa 1385, ya ci Rano da yaƙi. Amma wannan littafi daga fadar Kano yake kallon duniya. Yadda Ranawa suke ganin nasu tarihin ya fi zama a bakin maroƙan fada da dattawan gari, waɗanda ke jero sunayen sarakuna da kirarinsu a ranar salla ko ranar naɗi. Wannan shi ne reshen fada na al'adar ba da labari, kuma shi ya fi kowane reshe tsari, domin gado ne.

Reshen da ya fi yaɗuwa kuwa na cikin gida ne, kuma mata ne ke riƙe da shi. A gidan gandu, inda uba da 'ya'yansa maza da matansu ke noma gona ɗaya, ba a rasa yara goma ko fiye, ba a kuma rasa tsohuwar da ta huta da girki. Ɗakinta shi ne matattarar jikoki. Da damina zaman yakan yi rauni, domin wanda ya wuni yana noma ba ya kai labari ƙarshe barci bai ɗauke shi ba. Sai an yi girbi, an kai dawa da gero rumbu, sannan dare ke yin tsawo. A lokacin ne ake zube gyaɗa a tsakar gida ana ɓara, tsofaffi na kaɗi da mazari, 'yan mata na saƙar faifai. Hannu na aiki, baki ba shi da abin yi, sai labari. Har camfi aka kafa don tsare wannan iyaka: ana tsorata yara cewa mai yin tatsuniya da rana ɓata zai yi. Ma'anar a fili take, rana ta aiki ce.

Tsarin zaman sananne ne. Ana shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki idan akwai farin wata, idan kuma sanyi ya tsananta a shige ciki a kewaye wuta ko fitilar aci-balbal. Tsohuwa takan ja rai tukuna, ta ce ta gaji, sai an roƙe ta, wani ya ɗebo mata ruwa, wata ta matsa mata ƙafa. Sannan ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Yara su amsa baki ɗaya, "Ta zo mu ji ta." Idan amsar ta yi sanyi tana iya yin shiru har sai an sake. Da Gizo ya shigo labari sai ta sauya murya ta koma tsamin baki, idan Dodo ne ta yi ƙasa da murya har ƙananan su matso jikinta. A tsakiyar labari akwai waƙa, ita ta ba da, yara su karɓa, kuma da wannan amshi take gane wanda ya fara gyangyaɗi. Mazarin bai tsaya ba duk tsawon wannan lokaci. Idan ta kai ƙarshe ta ce, "Ƙurunƙus kan ɗan ɓera," sai a shiga gardamar wanda zai yi ta gaba. A nan ne yarinya 'yar shekara bakwai ke fara gwada tata, ana gyara mata inda ta tsallake. Haka ake koyon abin, babu wata makaranta bayan wannan.

Taurarin labaran su ne na ko'ina a ƙasar Hausa: Gizo da matarsa Ƙoƙi, Kura mai kwaɗayi da wauta, Zaki manyan dawa, Dila malamin daji, Botorami, da Dodo. Sai dai tatsuniyoyin da suka fi kama zuciyar masu zaman su ne na bora da mowa. 'Yar bora, wadda ake wulaƙanta uwarta, takan fita neman wani abu mai wuya, ta gamu da abin mamaki a hanya, ta yi ladabi, ta dawo da arziki. 'Yar mowa ta bi sawunta da raini da tsiwa, ta dawo da abin kunya. Wanda ya tuna cewa a tsakar gidan kishiyoyi ake ba da wannan labari, kishiyoyin kuma suna zaune suna ji, zai gane cewa tatsuniya ta wuce abin lallashin yara. Hanya ce da mace ke faɗin abin da ke ranta ba tare da ta kama suna ba, kuma ba mai iya kai ƙararta wurin maigida a kan maganar Gizo.

Yaran da suka tasa sukan fice zuwa dandali, inda samari ke da sarkinsu, 'yan mata ke da shugabarsu. Can gaɗa da langa suka fi yawa, amma idan an gaji akan zauna a yi kacici-kacici. Mai tambaya ya ce "Ƙulin ƙulifita," a ce masa "Gauta," sannan ya shiga masu wuya. Wanda ya kasa amsa sai ya ba da gari, mai tambaya ya karɓa ko ya raina shi ya nemi wanda ya fi girma. Ta wannan wasa yaron ƙauye ke haddace sunayen garuruwan da bai taɓa takawa ba. Littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata tsohuwa a 1949 da 1950 aka buga a 1954, ya nuna irin wannan rayuwa ta 'yan mata da wasanninsu da waƙoƙinsu a yankin Zarewa, kan iyakar Kano da Zazzau, a ƙarshen ƙarni na 19. Yana cikin shaidu mafi kusa da ƙasar Rano da aka samu daga bakin mace.

Maza manya ba su cika yarda a ce suna tatsuniya ba. Nasu sunansa labari, kuma a zaure ake yinsa, ko a gindin bishiya, ko a bakin marina, ana tufkar igiya ana cin goro. Bambancin a wurinsu babba ne: tatsuniya ƙirƙira ce, labari kuwa abu ne da aka ce ya faru. Kudancin Kano na da abin faɗa da yawa ta wannan fuska. A Burumburum, cikin wannan yanki, aka kashe Alwali, sarkin Haɓe na ƙarshe a Kano, wajen 1807. A rabi na biyu na ƙarni na 19 hare-haren Ningawa sun addabi garuruwan kudu, har Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ya sha fita yaƙi da su. Basasar Kano ta 1893 zuwa 1895 ma a Takai, gabas da Rano, ɓangaren Yusufawa suka yi sansani. Irin waɗannan al'amura su ne jarin hirar zaure: wane gari ne ganuwarsa ta tsare shi, kakan wa aka kama, wa ya hau dutse ya tsira. Fatake kuma suna kawo labarin Gwanja da Ikko, maharba na kawo na dawa da iskokinta, kowa da irin ƙarin gishirinsa.

Musulunci ya ƙara wa wannan taska wasu nau'o'i. Malamai sun kawo ƙissoshin annabawa da hikayoyin waliyyai da sarakunan Gabas, ana karanta su da Larabci ana fassarawa a zaure ko a wurin tafsirin azumi. Daga nan suke sulalewa cikin gida, su gauraya da na gargajiya. Wasu malamai sun ƙyamaci tatsuniya a matsayin ƙarya da ɓata lokaci, amma al'adar ta riga ta tanadi amsa, domin mai ba da ita yakan rufe da cewa ba don Gizo ba da ya yi ƙarya. Da wannan kalma ake sanar da kowa cewa abin da aka ji ƙage ne, ba a nemi a gaskata shi ba.

Rubuta tatsuniyoyin Hausa da boko ya fara ne daga waje. J. F. Schön ya buga Magana Hausa a 1885, mafi yawansa daga bakin wani mai suna Dorugu. Frank Edgar ya fitar da Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, juzu'i uku, tsakanin 1911 da 1913, galibi daga rubutun ajami na malaman lardin Sakkwato. A 1913 R. S. Rattray ya buga waɗanda Malam Shaihu ya rubuta masa a ƙasar da ake kira Gana a yau. Waɗannan ayyuka sun ceci ɗaruruwan labarai, sai dai suna da gibi guda babba. Maza ne suka rubuta abin da mata ke bayarwa, kuma takarda ba ta ɗaukar murya, ba ta ɗaukar amshi, ba ta nuna wanda ake yi wa habaici. An sami labarin, zaman kuwa ya tsere wa alƙalami. Sai daga baya masana 'yan gida suka waiwayi wannan gibi. Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni a farkon shekarun 1970 don makarantu, Sa'idu Babura Ahmad kuma, a littafinsa na 1997, ya nuna yadda tatsuniya ɗaya ke sauya kama daga bakin wannan zuwa bakin wancan.

Littafi bai tsaya a birni ba, ya dawo ƙauye ya shiga zaman. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito daga gasar rubutu ta 1933, ya ari sunansa ne daga wata tsohuwar tatsuniya. Magana Jari Ce ya biyo baya daga 1937. Da yaƙi da jahilci ya bazu a shekarun 1950, sai aka sami sabon mai ba da labari: ɗan makaranta da ke karanta wa zaure littafi a gaban fitilar ƙwai, dattawa na saurare suna gyara zama. A karo na farko yaro ya zama mai faɗa, babba ya zama mai ji.

Manyan sauye-sauyen sun zo ne daga shekarun 1970. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, noman rani ya kankama a Kura da Bunkure da Garun Malam. A wuraren da ruwan ya kai, rani ya daina zama lokacin hutu, ya koma na tumatir da alkama da shinkafa. Inda bai kai ba, samari sun ci gaba da tafiya cin rani. Shirin ilimin firamare na bai ɗaya na 1976 ya sa yara kwana da wuri don tashin safe, makarantun Islamiyya na dare suka ɗauki sa'o'in da ke tsakanin magariba da lisha har zuwa bayanta. Yadin kanti ya kashe kaɗi, injin ɓarar gyaɗa ya rage aikin tsakar gida, gandu ya rarrabu kowa ya ja iyalinsa. Rediyo ya shiga ɗakin tsohuwar kanta. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya zo da niyyar yaƙar tatsuniya, lokacinta da dalilin taruwarta kawai suka cinye.

Ƙishirwar labari kuwa ba ta ragu ba, wuri ta sauya. Daga tsakiyar shekarun 1980 littattafan soyayya na Kano suka mamaye ɗakunan mata, ana karanta wa juna, gidajen rediyo ma na karanta su. Fim ɗin Hausa, wanda ake ƙirga farkonsa daga Turmin Danya na 1990, ya buɗe gidajen kallo a garuruwa, har ya koma ya ɗebo daga tsohuwar rijiya, kamar yadda aka mayar da tatsuniyar Daskin da Riɗi fim. Bukar Usman ya tattara Taskar Tatsuniyoyi a 2012. A yau wayar hannu ce ke ɗauke da littattafan da ake karantawa da murya, ana tura su ta WhatsApp, mace na girki tana saurare. Majalisar samari a bakin titi ta gaji zaure, sai dai siyasa da ƙwallo sun fi yawa a bakinta.

Tsohon zaman bai ƙare ba. Yana nan a ƙauyuka da rugage, musamman da hunturu, a gidajen da kaka ke kwana da jikokinta, ko da yake ya gajarta kuma waƙoƙin cikin labaran ne ke fara zubewa. Reshen fada ya sami sabon ƙarfi tun da aka ɗaga darajar masarautar Rano a 2019, dokar 2024 kuma ta bar ta da ƙananan hukumomi uku, Rano da Bunkure da Kibiya. Reshen cikin gida ne ba shi da mai tsaya masa. Matan da suka koyi tatsuniya a gaban mazari, kafin Tiga da rediyo, yanzu sun haura shekara sittin, kuma ɗaukar muryarsu a inda suke zaune, tare da amshin jikokinsu, aiki ne da wayar da ke aljihun kowane malamin makaranta a Rurum ko Tarai za ta iya yi.