Gwandu: Garin da Ya Tsiro daga Gona

In aka ambaci Gwandu, abin da ke fara zuwa wa mutum a rai shi ne Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da littattafansa. Amma tun kafin malamai su sauka a wurin, manoma ne a ciki. A ƙarni na 16, zamanin Muhammadu Kanta wanda ya kafa daular Kabi, wurin gandun sarki ne, daga nan kuma garin ya samo sunansa.

Wanda ya zaɓi wurin ya san ƙasa. Kwari ne da tuddai masu duwatsu suka kewaye. Ruwan damina yana gangarowa ya kwanta a fadama, damshi ya daɗe har cikin rani, a kan tudu kuma gero da dawa da wake suna yi tsakanin sabara da kalgo.

Wannan albarka tana cikin abin da ya jawo jama'ar Shehu Usmanu. Tun hijirar Gudu a 1804 suke fama da yunwa da annoba. A 1805, bayan cin Birnin Kebbi, Shehu ya taso daga Sabon Gari ta ƙasar Zamfara ya sauka Gwandu, inda akwai hatsi ga mutane da makiyaya ga shanu. A shekarar ce aka sha wuya a yaƙin Alwasa, abokan gaba suka biyo su har bakin garin, alhali ko ganuwa ba shi da ita. Allah Ya ba su sa'a suka kore su, a 1806 Muhammadu Bello ɗan Shehu ya fara gina ganuwa. Da aka raba gudanar da daula a 1812, yamma ta faɗo hannun Abdullahi, ƙauyen manoma ya zama fadar da Nufe da Ilori ke kai wa gaisuwa.

Duk da haka garin bai ajiye fartanya ba. Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka Gwandu a 1853, zamanin Sarki Halilu ɗan Abdullahi. A nan ya samu kwafin Tarikhus Sudan, tarihin Songhai da Timbuktu, a nan kuma ya yaba ayabar garin da manyan albasarsa. A ganina babu shaidar da ta fi wannan bayyana halin Gwandu: littafi a zaure, lambu a bayan gida.

Gandun sarki, a faɗi gaskiya, da gumin bayi da talakawa ake noma shi. Gandun da ya riƙe jama'a shi ne na gida. Maigida da 'ya'yansa da ƙannensa su yi sammako su kama kunya ɗaya, mata su aiko da fura da hantsi, a tashi wajen azahar. Da yamma kowane saurayi ya nufi gayaunarsa, abin da ya samu nasa ne. Shi kuwa maigida iri da kayan aiki da haraji da abincin gida duk a wuyansa suke, har da kuɗin auren fari na yaro. Rumbu ɗaya ne, kuma ba mai buɗe shi sai da izininsa. In aiki ya fi ƙarfin gida sai a kira gayya, makaɗa su zo da ganga.

Nakan tuna wannan in na karanta yadda gwamnatin Jihar Yamma ta Nijeriya, tun daga 1959, ta kafa ƙauyukan noma bisa koyi da na Yahudawa da ake kira moshab, waɗanda na farkonsu, Nahalal, aka kafa shi a Falasɗinu a 1921. A can kowane iyali da gonarsa, saye da sayarwa ne kawai ake yi tare. Yawancin na Nijeriya ba su yi ƙarko ba, domin gwamnati ce ta tara baƙin juna ta ce su zama 'yan'uwa. A gandu kuwa zumunta ce ta riga aiki.

Bayan zuwan Turawa, fadar sarki ta koma Birnin Kebbi a 1906, Gwandu ta zauna da hubbaren Abdullahi da gonakinta. Gandun gida ma yana ta raguwa: ana raba gado, samari suna tafiya ci-rani. A garin Kalgo na kusa da Birnin Kebbi, inda Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013 take da mazauni, shinkafar rani ce ke tashe a fadama, injin ban-ruwa yana ta kuka. Da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, sharaɗin shi ne manoma su shiga ƙungiya kafin a ba su iri da taki, kuma jikokin 'yan gandu ne suka je rubuta sunayensu.